Manhajar bakof na cewa ta kasa karanta fayil: daga ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da sabobin wani kamfani, kuma ban daɗe da karɓar aikin ba. Mako biyu ke nan aikin bakof (ajiye kwafin bayanai) na dare yana faɗuwa a kan babbar sabarmu ta fayiloli mai amfani da Windows, kullum saƙon ɗaya ne, wai an kasa karanta fayil. Wani daren a rubuta aiki ya kammala amma da saura, wani daren ya mutu gaba ɗaya. Akwai wata sabar Linux ma da ke yin haka jefi-jefi. Na kashe sabar na kunna, na cire wakilin manhajar na sake sa shi, na ƙara wa'adin jira, duk a banza. Abokin aikina ya ce mu cire foldar da ke kawo matsalar daga jerin abin da ake kwafa mu huta. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka cire foldar nan tukuna. In ka cire ta, gobe da safe rahoto zai fito tas, hankalin kowa ya kwanta, amma kitso ne da ƙwarƙwata. Fayilolin da suka ƙi karantuwa suna nan yadda suke, ka dai rufe bakin mai kawo maka labari ne. Ba mamaki bayan bincike a tarar foldar ba ta cancanci kwafi ba tun asali, a lokacin sai ka cire ta da hujjarka a hannu. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Akwai aikin da za ka yi yau ɗin nan kafin ka taɓa komai. Shiga manhajar ka nemo cikakken bakof na ƙarshe da ya kammala lafiya kafin matsalar ta fara, ka tsawaita wa'adinsa ko ka kulle shi kada a share. Ka ce mako biyu ke nan. Idan tsarinku na ajiye kwafi kwana 30 ne, kusan rabin wa'adin ya tafi, kuma kowane dare kwafin nan mai lafiya yana matsawa kusa da ranar shararsa, masu giɓi suna maye gurbinsa. Wasu manhajojin ba sa share kwafin ƙarshe, wasu kuwa ba ruwansu. Ko wadda ba ta sharewar ma tana iya lissafa aikin da ya kammala da saura a cikin masu kyau. In daga baya ta tabbata faifai ne ke mutuwa, tsohon kwafin nan ne kaɗai wurin da za ka samo fayilolin da suka lalace.

To, sai saƙon kansa. Cewa an kasa karanta fayil tamkar mara lafiya ne ya ce wa likita jikinsa na ciwo, bai faɗi cutar ba. Manhajar bakof ba ta taɓa faifai da hannunta. Wakilinta da ke kan sabar roƙon Windows ko Linux yake ya buɗe masa fayil, ya riƙa miƙo masa abin da ke ciki kaɗan-kaɗan, shi kuma ya tura ta layin sadarwa zuwa sabar ajiya. Ko'ina wannan jerin ya tsinke, abin da uwar manhajar ta sani shi ne ta jira bayanai ba su iso ba, sai ta rubuta abin da ka gani. Ba ka faɗi manhajar da kuke amfani da ita ba, amma ɗauki NetBackup misali. Lamba 13 a cikinta ma'anarta ke nan, an kasa karanta fayil, kuma tana iya fitowa alhali fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, layin da ke tsakanin wakili da sabar ajiya ne ya yanke. Lamba 1 ita ce ya kammala da saura, 156 kuma matsalar ɗaukar hoton faifai, wato snapshot, yadda faifai yake a wata daƙiƙa guda. Shi ya sa sake sa wakili bai tsinana maka komai ba, da wuya laifin ya zama nasa.

Abin da kake nema shi ne lambar kuskuren da Windows ko Linux ya mayar wa wakilin. Ba a allon rahoto take ba, tana cikin log ɗin wakilin, wato fayil ɗin da yake rubuta abin da ya faru, a kan sabar da ake kwafa. A NetBackup log ɗin bpbkar ne, kuma in babu foldarsa a ƙarƙashin logs ba zai rubuta komai ba, sai ka ƙirƙira ta ka jira aikin dare na gaba. A IBM Storage Protect, wadda tsofaffin hannu ke kira TSM har yanzu, dsmerror.log ne, kuma ita ta ɗan fi bayani: ANS4987E wani shiri ne ke riƙe da fayil ɗin, ANS4037E fayil ya canja ana cikin kwafarsa, ANS4007E an hana izini. Ko wace manhaja ce, ka nemi kuskuren farko, ka rabu da na ƙarshe. Mutane na buɗe log su zarce ƙasa, su ga layi ɗari duk ja, su kama na ƙarshe su yi ta bincike a kansa. Waɗannan 'yan rakiya ne. Layin farko da ya karkace, da sa'arsa da mintinsa da daƙiƙarsa, shi ne madogararka, don da wannan lokacin za ka je ka duba abin da sabar ta rubuta a nata kundin.

Ka jera log na dare biyar ko shida gefe da gefe, ka tambayi kanka abu biyu. Fayil ɗaya ne ke faɗuwa kowane dare, ko yau wannan gobe wancan? Sannan minti nawa aikin ke yi kafin ya faɗi? A gaskiya amsar waɗannan tambayoyin rabin aikin ce. In fayil ɗaya ne kullum, matsalar na jikin fayil ɗin: izininsa, sunansa, wanda ke riƙe da shi, ko gurbin da yake kwance a kan faifai. In fayilolin na canjawa amma lokacin bai canjawa, ba ruwan fayil, akwai wani agogo da ke cika a wani wuri. In kuwa komai na tafiya daidai sai daga wani minti dubban fayiloli su faɗi a jere, to ƙasar da wakilin ke tsaye a kai ce aka janye, wato hoton faifan ya ɓace ko faifan kansa ya fita. Ka lura kuma ko ranar cikakken bakof kaɗai abin ke faruwa. Bakof na ƙari fayilolin da suka canja kawai yake karantawa, cikakken kuwa yana bin har waɗanda aka shekara biyar ba a buɗe ba.

Lambobin Windows da za ka fi cin karo da su ba su da yawa. 32 da 33 na nufin wani shiri ya riƙe fayil ɗin ko wani yanki nasa. 5 an hana izini. 2 da 3 ba a ga fayil ko hanyarsa ba. 23 da 1117 da 1392 su ne masu tayar da hankali: na farko bayanan da aka karanto ba su yi daidai da lissafin tantancewarsu ba, na biyu na'urar ta kasa amsawa, na uku tsarin fayil ɗin ya lalace. 59 da 64 da 121 galibi na layin sadarwa ne. Sau da yawa za ka gan su cikin wata shiga, kamar 0x80070020, wanda 32 ne, ko 0x80070017, wanda 23 ne, ko 0x8007045D, wanda 1117 ne. Haruffa huɗun ƙarshe za ka juya daga lissafin hex, na sha shida-sha shida, zuwa lissafin goma-goma, sannan ka rubuta net helpmsg da lambar, Windows zai faɗa maka ma'anarta. Ga wani tarko, tunda kana da sabobi iri biyu: 5 a Linux ba izini ba ne, EIO ne, gazawar karatu daga na'ura. Hana izini a Linux 13 ne. Na sha ganin wanda ya ga 5 a log ɗin Linux ya ɓata yini yana gyaran izini, faifai kuwa na can yana mutuwa.

Da ka sami sunan fayil da lambarsa, ka fitar da manhajar bakof daga cikin zancen, ka gwada karanta fayil ɗin da kanka. In ya ƙi karantuwa a hannunka ma, ka huta da zargin manhaja. Sai dai gwajin na da ƙa'ida. Dole ka yi shi da asusun da wakilin ke aiki da shi, don naka asusun na iya samun abin da nasa bai samu ba. In wakilin na gudana a matsayin Local System, asusun Windows ɗin kansa, psexec -s cmd zai ba ka layin umarni da wannan asusun. A Windows ina amfani da robocopy tare da /B, wanda ke karatu irin na bakof, in ƙara /R:0 da /W:0, domin in ka bar shi yadda ya zo zai sake gwada fayil ɗaya sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. A Linux, dd if=sunan-fayil of=/dev/null bs=1M iflag=direct. Kalmar ƙarshen nan ita ke tilasta masa zuwa kan faifai, kada ya ɗebo maka abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ka zaci lafiya. Kada kuma ka gwada da tar cf /dev/null, domin tar na GNU in ya ga inda zai zuba /dev/null ne, ba ya wahalar da kansa da karanta cikin fayilolin, sai ya gama cikin ƙiftawar ido ya bar ka da murnar banza. Ka sa shi ya zuba ta bututu zuwa cat, shi cat ɗin ya zubar.

Bari in daɗe a kan faifai, don nan ne kuskure ke da tsada. Mutane na mamakin yadda ma'aikata ba su koka ba amma bakof na kuka. Dalilin shi ne manhajar bakof ce kaɗai a kamfanin ke karanta kowane bayit. Sekta, wato ɗan ƙaramin gurbi a kan faifai, na iya lalacewa a ƙarƙashin wani tsohon fayil ta yi watanni ba wanda ya sani, sai ranar da aka zo kwafarsa allura ta tono garma. In ka ga 23 ko 1117, buɗe kundin System a Event Viewer daidai lokacin nan da ka rubuta. Lamba 7 daga disk lalatacciyar sekta ce. 51 da 153 kuskure ne ko maimaita karatu. 129 direban ya gaji da jira ya sake tayar da na'urar. 55 daga Ntfs tsarin fayilolin ne ya taɓu. A Linux dmesg za ka duba, ka nemi I/O error ko Medium Error. Sannan ka tambayi faifan kansa da smartctl: ma'auni na 5 sektocin da aka riga aka sauya wa gurbi, 197 waɗanda ke jiran sauyi, 198 waɗanda suka gagara gyaruwa. In 199 ne kaɗai ke hawa, fara da waya da mahaɗarta kafin ka zargi faifan. In faifan na bayan katin RAID ne, mai haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, Windows ba zai ga lafiyar kowane ɗaya ba, sai ka shiga manhajar katin ko ta akwatin ajiyar.

In ta tabbata faifai ne, kada ka yi gaggawar sa chkdsk /r, umarnin Windows na gyaran faifai. Na san shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi, amma yana bin kowace sekta yana matsa wa faifan da ke numfashi da ƙyar, awa da awanni, kuma abin da ya kasa karantowa ya tafi ke nan. Kwashe abin da ke karantuwa tukuna zuwa wani wuri, mafi muhimmanci a gaba. In faifai guda ne ba RAID ba, ddrescue na GNU ya dace da wannan, don yana fara kwashe wurare masu sauƙi, ya dawo kan masu wuya daga baya, kuma yana riƙe taswirar inda ya tsaya. In duba kawai kake so ka yi ba gyara ba, chkdsk /scan na yin haka ba tare da an sauke faifan ba, tun daga Windows Server 2012. A RAID 5 kuma ka yi taka-tsantsan wajen zare faifai. Sake gina jerin na buƙatar a karanta duk sauran faifan daga farko har ƙarshe, in a cikinsu akwai wata sektar da ta lalace a ɓoye, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masu ƙera faifai da kansu suna rubuta iyakar da suka lamunta: a faifan gida, karatu ɗaya da ba ya gyaruwa cikin bit tiriliyan 100, kusan terabayit 12.5 ke nan, a na kamfanoni kuma galibi ɗaya cikin bit ninki goma na wannan adadin. Iyaka ce, yawancin faifai sun fi haka kyau, amma ta isa ta nuna maka cewa a jeri mai manyan faifai abin ba tatsuniya ba ne. Shi ya sa ake kunna karatun sintiri na katin RAID, ya riƙa zagayawa yana gano irin waɗannan tun akwai abin gyara su.

Ba duk 129 da 153 ba ne mutuwar faifai. In sabar VM ce, wato ta kwaikwayo da ke gudana cikin wata na'ura, kuma lambobin na fitowa ne cikin dare kaɗai, ƙila akwatin ajiyar ne ke shaƙewa saboda ayyukan bakof ashirin sun taso masa lokaci guda. Rarraba lokutansu ka gani.

Amma yadda ka kwatanta sabarka ta Windows, yau da saura gobe mutuwa, zuciyata ta fi karkata ga hoton faifai. Tun zamanin Windows Server 2003 akwai VSS, wanda ke ba manhajar bakof damar karanta faifai kamar yadda yake a wata daƙiƙa guda, ko da ma'aikata na ci gaba da rubutu. Yana umartar shirye-shirye masu rajista da shi, irin su SQL Server, su dakata da rubutu, ba fiye da daƙiƙa 60 ba, ya tsayar da rubutun faifai na abin da bai wuce daƙiƙa 10 ba, ya ɗauki hoton, kowa ya ci gaba. In hoton ya ɗauku, bai kamata ka ga 32 ko 33 ba sam, don ba mai riƙe da fayil a cikin hoto. Saboda haka ganinsu na nufin ɗayan biyu: ko ba a kunna wannan tsarin a aikin ba, ko hoton ya gagara manhajar ta koma karanta faifan kai tsaye ba ta yi hayaniya ba. Rubuta vssadmin list writers, kowanne ya kamata ya nuna Stable kuma babu kuskure. Wanda ya nuna akasin haka, sake tayar da sabis ɗinsa yakan wadatar, ba sai an kashe sabar ba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne hoton nan ba kwafi ba ne. Duk lokacin da za a rubuta sabon abu a kan wani gurbi, sai Windows ya fara kwashe tsohon ya kai wani keɓaɓɓen wuri, da wannan ake haɗa hoton. In aikin bakof ya ɗauki awa takwas, kuma cikin awannin aka yi rubutu mai yawa, wurin na iya cika ko ya kasa faɗaɗa da sauri, sai Windows ya share hoton ana tsakiyar karatu. Daga wannan daƙiƙar duk fayil ɗin da wakili ya nema babu shi. A kundin System za ka ga volsnap ya rubuta lamba 25 ko 36. Daren da rubutu ya yi sauƙi aikin ya tsallake, daren da ya yi yawa ya mutu, kamar dai yadda ka faɗa. Duba vssadmin list shadowstorage ka ga iyakar da aka sa, ka ƙara ta, in da hali ka mayar da wurin kan wani faifan dabam mai sauri. Sannan ka binciki abin da ke rubutu cikin dare: aikin tattara gutsattsarin faifai, aikin cire maimaici, wani da ke zuba kwafin rumbun bayanai a faifan. Ka tambayi abin da aka canja mako biyu da suka wuce, don wani abu ya canja. Linux ma na da irin wannan: hoton gargajiya na LVM, tsarinta na rarraba faifai, in ya cika ɗari bisa ɗari ya lalace, kuma duk karatu daga cikinsa EIO zai bayar, faifan kuwa garau. Umarnin lvs zai nuna maka.

Wani abu da nake so ka kawar da shakkarsa tun da wuri: in ka tarar hotunan faifai na ɓacewa ba tare da 25 ko 36 ba, ga fayiloli da yawa na ba da 2 don an sauya musu suna, ga girman bakof na ƙari ya yi tsalle, to ka kira masu tsaro nan take. Manhajojin masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa na share hotunan VSS da gangan kafin su kulle fayiloli.

A wannan babin ne shawarar abokin aikinka ke iya yin daidai. In fayilolin da ke faɗuwa na rumbun bayanai ne, irin .mdf da .ldf na SQL Server ko .edb na Exchange, bai kamata aikin kwafar fayiloli ya taɓa su ba. Ko ya yi nasarar kwafarsu ba lallai su tashi ranar maidowa ba. A cire su daga nan, a ba su nasu aikin da wakilin da aka yi dominsu. Haka pagefile.sys da foldojin wucin gadi da ake ƙirƙira ana sharewa, waɗanda ke ba da 2 don sun ɓace tsakanin lissafa su da zuwa karanta su. Irin wannan ɓacewar har lamba rsync ya ware mata, 24, don a bambanta ta da kuskuren gaske. Fayilolin .pst da ma'aikata ke ajiyewa a sabar su bar Outlook a buɗe su tafi gida, su kuma ba a cire su, wasiƙun mutane ne. Hoto mai lafiya ke maganinsu.

Lamba 5 a Windows ta fi yadda ake zato wuyar sha'ani. Wakilin bakof na da wata alfarma ta musamman, SeBackupPrivilege, wadda ke ba shi damar tsallake izinin da ke kan fayil. Ko ma'aikaci ya cire kowa daga foldarsa ya bar kansa, bakof zai karanta. To in ka ga 5, kada ka hau sauya izinin foldojin mutane, sai ka ɓata tsarin da aka yi shekaru ana ginawa. Ka duba ko wata sabuwar dokar Group Policy ta ƙwace alfarmar daga asusun. Ka duba ko ta hanyar rabon folda ake karantowa daga wata na'urar, don a can Local System da sunan kwamfutar yake bayyana, kuma alfarmarsa ta gida ba ta bin sa. Sai kuma wanda na fi kamawa da laifi, manhajar riga-kafin bairos da 'yan uwanta masu sa ido, waɗanda ke zaune tsakanin kowane shiri da faifai. fltmc filters zai lissafo maka su, Process Monitor kuma zai nuna ainihin buƙatar da aka ƙi. In su ne, a keɓe shirye-shiryen wakilin kamar yadda masu manhajar suka tsara, kada a kashe tsaron ɗungurungum. In lambar 225 ce, riga-kafin na cewa fayil ɗin na ɗauke da cuta, sai a duba fayil ɗin.

Sabarka ta Linux mai yi jefi-jefi, tambayata ta farko ita ce ko abin da ake kwafa na kan NFS ne, wato folda da wata na'ura ke rabawa ta layin sadarwa. In haka ne, abu uku nake zargi. Tsarin root_squash, wanda da shi NFS ke zuwa, yana mayar da root ɗin baƙuwar na'ura ba kowa ba, galibi lamba 65534, sai wakilin da ke taƙama shi root ne ya sha 13 a duk fayil ɗin da ba a buɗe wa kowa ba. Kuskure na 116, ESTALE, na fitowa in wata na'urar ta share ko ta maye fayil ɗin bayan an buɗe shi. In kuma da zaɓin soft aka ɗaura rabon, duk jinkirin da ya wuce wa'adi EIO yake zama, wanda ya yi daidai da jefi-jefin da ka ce. In bayanan na kan NAS ne, akwatin ajiya na kan layin sadarwa, ya fi kyau a kwafe su daga can ta NDMP, hanyar bakof ta irin waɗannan akwatuna, ko ta hoton akwatin, da a jawo su ta wata sabar. In ba NFS ba ne, duba ausearch -m avc ko SELinux, tsarin tsaron Linux, ne ke hanawa, ka kuma tabbatar ba a sa /proc da /sys cikin jerin ba, don ba fayilolin gaske ba ne.

Saura agogo. Na taɓa kwana uku a wani wurin aiki ina zargin faifai, har na sa an sauya waya, sai da na jera lokutan faɗuwar na ga kowane dare awa ɗaya ne da 'yan daƙiƙoƙi. Aikin bakof na buɗe layi fiye da ɗaya, ɗaya na bayanai, ɗaya na umarni, kuma na umarnin na iya yin shiru tsawon lokaci. Katangar tsaro, wato firewall, da ke tsakani na da wa'adin da take yanke layin da ya yi shiru, a da yawansu daƙiƙa 3600 ne. Su kuwa Windows da Linux sai bayan daƙiƙa 7200 suke aika ɗan saƙon nan na ina nan da rai. Kafin su yi motsi an riga an yanke. Maganin shi ne a rage tcp_keepalive_time a Linux ko KeepAliveTime a Windows zuwa ƙasa da wa'adin katangar, ko a ƙara wa'adin katangar ga waɗannan na'urorin. Ƙara wa'adin jira a cikin manhajar bakof, kamar yadda ka yi, ba ya taɓa wannan ko kaɗan. Inda yake amfani shi ne in wakili na ɗaukar lokaci yana lissafa miliyoyin ƙananan fayiloli bai turo komai ba, har uwar manhajar ta gaji. A NetBackup wa'adin da take zuwa da shi daƙiƙa 300 ne. Tunda ka ƙara bai yi ba, ka mayar da shi kusa da yadda yake, in ba haka ba duk aikin da ya maƙale zai riƙe layi har gari ya waye.

Sauran ƙananan abubuwa ne, log zai nuna su da kansa. Hanyar fayil da ta wuce haruffa 260 na kayar da tsofaffin wakilai a Windows. A Linux iyakar suna bayit 255 ne, ba haruffa ba, kuma harafi irin ƙ ko ɗ na cin bayit 2. Sunan da ya ƙare da ɗigo ko sarari, wanda aka ƙirƙira daga Linux ko Mac, na rikita Windows. Akwai kuma fayilolin da suna kawai ke kan faifai, cikinsu na wani wuri, irin na OneDrive ko waɗanda aka kwashe zuwa ma'ajiyar tsofaffin bayanai. In wancan wurin bai amsa ba, karatu ya faɗi. In kuma ta VMware ake kwafar sabar gaba ɗayanta, gwada sauya hanyar jigila zuwa NBD, wato ta layin sadarwa, na dare ɗaya, ka tabbatar ƙofar sadarwa ta 902 a buɗe take zuwa kowace ESXi, na'urorin da ke ɗauke da sabobin VM. In ta haka ya wuce, matsalar na hanyar da kuke bi a da ne.

Duk abin da ka gyara, ka gyara abu ɗaya a dare ɗaya, in ka haɗa uku ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Bayan ya wuce ka yi cikakken bakof sabo, kada ka dogara da na ƙari a kan sarƙa mai giɓi. Sannan ka ɗauki jerin fayilolin da aka tsallake cikin makonnin nan, ka maido da wasu zuwa wani wuri, ka gwada su da na asali ta Get-FileHash ko sha256sum. Waɗanda faifai ya cinye kuma, ka maido su daga tsohon kwafin nan da ka kulle, ka sanar da masu su ranar da kwafin ya tsaya don su san abin da za su sake shigarwa.

In ka duba duk wannan abin bai fito ba, turo mini layi 20 kafin kuskuren farko da 20 bayansa daga log ɗin wakilin na dare uku, bayan ka goge sunayen sabobi da na mutane, tare da abin da kundin System ya rubuta minti 10 kafin wannan lokacin, da sakamakon vssadmin list shadowstorage. Daga sabar Linux kuma ka haɗo layin da mount ya nuna na foldar da ake kwafa.